A Riƙa Saita Allo Kafin A Miƙa Wa Mutum Kwamfuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. Ina roƙon ka ba ni fili, ko da wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, in yi magana a kan wani abu da mutane da yawa za su ga bai kai a ɗauki alƙalami saboda shi ba. Ni dai ya ci mini kuɗi, ya kusa raba ni da mutumin da muka shekara goma muna hulɗa, kuma ya wahalar mini da ido. Maganar saitin allon kwamfuta ce, wanda wasu ke kira monita.

Ni mai shagon buga takardu ne a Tudun Wada, ba nisa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Da tafireta na fara wannan sana'a, lokacin da kuskure ɗaya kan sa ka yage takarda ka sake daga farko. A farkon shekarun 2000 na koma kwamfuta. Abin da muke ci da shi bai wuce kundin kammala karatu na ɗalibai, katin gayyatar ɗaurin aure, takardar cinikin fili, kalanda, da takardun shaidar saukar karatu na makarantun Islamiyya ba. Daga safe har bayan isha'i idona yana kan allo. Duk da haka, sai bara na san cewa allo yana da ma'aunin da aka ƙera shi a kai, kuma idan aka saɓa wa ma'aunin, abin da yake nuna maka ba shi ne ainihin abin da ke cikin kwamfutar ba.

Ga yadda abin ya faru. Tsohuwar kwamfutata ta mutu ana saura mako uku a shiga azumi, lokacin da aiki ya fi yi mana yawa saboda walimar sauka. Na shiga kasuwa na sayi wata ta gwanjo tare da allonta, mai faɗi, inci 18 da rabi. Yaron shagon ya loda mata Windows a gabana, ya sa manhajojin da na ce ina so, ya kunna mini waƙa don in ji lasifika na aiki, ya ce, "Baba, komai ya yi daidai." Na biya, na ɗora a Keke Napep na kawo shago. Tun a ranar na lura rubutu ya yi kauri-kauri, gefensa ya yi dishi-dishi kamar ana kallo ta cikin hazon hunturu. Na ɗauka haka kayan gwanjo suke, na ce a raina wanda ya sayi na hannu ai sai haƙuri.

Kwana biyu bayan nan wani malami, shugaban wata Islamiyya da muka daɗe tare, ya kawo aikin takardar shaida guda 120. Tambarin makarantarsu da'ira ce, a tsakiya akwai buɗaɗɗen littafi da alƙalami, sunan makarantar ya zagaye bakin da'irar da Larabci da boko. Ya turo mini ta WhatsApp. Da na buɗe a kwamfuta sai na ga tambarin ya baje, ya yi faɗi kamar ƙwai a kwance. Na yi zaton wurin turowa ne ya lalace. Sai na kama gefensa na matse, na yi ta matsewa har ya dawo zagayayye a idona. Dare ya yi, babu wuta, man janareta yana ƙarewa, ban tsaya na buga gwaji ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Na zuba kati mai kauri na bar firinta tana aiki, na tafi alwala.

Da safe Malam ya zo karɓa. Ya ɗauki ɗaya ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Alhaji, wannan ba tambarinmu ba ne." Na karɓa na duba. Da'irar ta tsuke ta miƙe tsaye, littafin ya zama siriri, rubutun Larabcin da ke gefe ya cukurkuɗe. Duk 120 haka suke. Malam bai ɗaga murya ba, mutum ne mai kawaici, amma na ga yadda abin ya taɓa shi, domin iyayen yara za su rataye takardar nan a ɗaki har jikoki su gani. Na sayi sabon kati da kuɗina, na je shagon wani abokin sana'a na sake bugawa a can. Abin da ya fi asarar damuna shi ne na kasa gane me ya faru. Idona ya ga da'ira, takarda ta fitar da ƙwai. Na kwana biyu ina tunanin ko idon ne ya fara tafiya, ga shi da shi nake ciyar da iyali.

Ɗan yayata, wanda ya koyi gyaran kwamfuta, shi ya warware mini. Ya zo gaishe ni, na ba shi labari, bai ko zauna ba ya kama maus. Bai yi minti ɗaya ba ya ce, "Kawu, allonka 1366 da 768 ne, amma an bar shi a 1024 da 768." Na ce ya yi mini da Hausa.

Abin da ya koya mini, wanda daga baya na yi ta gwadawa a kan alluna daban-daban har ya zauna mini, shi ne wannan. Hoton da muke gani a allo tarin ɗigo ne, ƙanana ƙwarai, waɗanda masu gyara ke kira fiksel. A allon zamani marar ƙusumbi, irin wanda muke ce wa falasma, ɗigon nan a ƙere suke tun daga masana'anta, ba sa ƙaruwa ba sa raguwa. Nawa yana da ɗigo 1366 daga hagu zuwa dama, da 768 daga sama zuwa ƙasa, jimla sama da ɗigo miliyan ɗaya. Kwamfutar kuwa tana aiko masa da hoto mai faɗin ɗigo 1024 kacal. Shi allo ba zai bar gefe babu komai ba, sai ya ja hoton ya baza shi a kan 1366. Tsayi yana nan yadda yake, faɗi kuwa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Duk da'ira ta zama ƙwai, duk fuskar mutum ta yi kumatu. Ni kuma da na matse tambarin don ya yi daidai a idona, lafiyayyen abu na nakasa. Kamar dai mai wankin hula ne ya ɗauki hula mai lamba 21 ya tura ta dole a kan katako mai lamba 24. Za ta shiga, amma zanenta ya karkace, zaren ya buɗe.

Dishi-dishin rubutun ma daga nan yake. Idan ɗigo uku na hoto za su zauna a gurbin ɗigo huɗu na allo, dole allon ya yi cakuɗe, ya ƙirƙiro launi tsaka-tsaki ya cike gurbin. Bakin harafi da ya kamata ya zama baƙi wuluk a kan fari tas sai ya koma toka-toka. Ido ya wuni yana ƙoƙarin kama abin da ba shi da kaifi.

Me ya sa aka bar shi haka? Yaron da ya loda Windows bai sa direban hoto ba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta san na'urar hoton da ke cikinta. Idan babu ita, Windows kan yi amfani da wani direba na wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter, wanda aikinsa kawai ka samu ka ga allo har ka sa na ainihi. Sau da yawa shi ne ke maƙale mutum a 1024 da 768, ma'aunin da ya fito tun shekarar 1990 don alluna masu kusan murabba'i. Ɗan yayata ya haɗa wayarsa da kwamfutar, ya sauko da direban, ya kashe ya kunna. Wallahi Edita, sai da na ja kujera baya. Kamar an wanke gilashin mota bayan tafiyar Zariya cikin ƙura.

Ga wanda yake son duba tasa, in Windows 10 ko 11 ce, ya kai maus wurin da babu komai a fuskar kwamfutar, ya danna ɓangaren dama, ya zaɓi inda aka rubuta Display settings. Ya gangara ƙasa zai ga lambobi biyu da alamar sau a tsakaninsu. Wadda aka rubuta Recommended a gefenta ita ce yawanci ma'aunin allon na asali. Ƙananan laftof da suka cika kasuwa galibi 1366 da 768 ne. Tsofaffin alluna masu inci 17 da 19 da suka kusa zama murabba'i 1280 da 1024 ne. Masu faɗi na inci 19 da yawa 1440 da 900 ne. Daga inci 22 zuwa 24 mafi yawa 1920 da 1080 ne, wanda ya haura ɗigo miliyan biyu. Wanda yake son tabbaci ya juya allon ya karanta lambar samfurin da ke manne a baya, ya nema a intanet.

Idan lambar da ta dace ba ta fito a jerin ba, a fara zargin direba, sannan a duba waya. Wannan wayar mai shuɗin kai da ƙusoshi biyu na murɗawa, VGA, tsohuwar fasaha ce ta kamfanin IBM tun 1987, amma har yau ita ce ta fi yawa a shagunanmu. Allurai 15 ne a bakinta. Ta wasu daga cikinsu allo ke gaya wa kwamfuta girmansa da abin da zai iya ɗauka. In ɗaya ta lanƙwashe, ko wayar ta kasance irin ta araha da ba a haɗa dukkan silin cikinta ba, hoto zai fito amma kwamfutar ba ta san da wa take magana ba. Na ga haka da idona a kwamfutar yarinyar da ke koyon aiki a wurina. Canza waya kawai muka yi. Kuma duk mai amfani da wannan shuɗiyar waya ya nemi maɓallin da aka rubuta Auto a jikin allon ya danna sau ɗaya bayan ya gama saiti, allon zai ɗan girgiza ya daidaita hoton da kansa. Wanda kwamfutarsa da allonsa duk suna da ramin HDMI, wato ramin sabuwar wayar hoto mai siririn baki, ya bar shuɗiyar ya koma can, rubutu ya fi fita tsaf.

Akwai wani kuskure da mu dattawa muka fi yi, ni ma da an bar ni da na yi shi. Da allon ya dawo ma'auninsa sai rubutu ya ƙanƙance, na ce wa ɗan yayata ya mayar mini yadda yake, na fi ganin manyan haruffa. Ya ce, "A'a Kawu, akwai ƙofar da ta fi wannan." A shafin nan dai, sama da lambobin, akwai wurin da aka rubuta Scale, da kashi 100, 125, 150. Idan ka zaɓi 125, kwamfutar za ta zana haruffan da girma amma a kan ɗigon allon na asali, su yi girma kuma su riƙe kaifinsu. A shafin intanet kuwa, ka danne Ctrl ka buga alamar tarawa, rubutu ya ƙaru, Ctrl da sifili ya dawo yadda yake. Na san ofisoshi da dama da aka rage ma'aunin allo da gangan saboda maigida ba ya gani sosai, aka bar sakatare yana wuni a gaban hazo.

Mu masu rubutun Hausa abin ya fi shafarmu fiye da mai buga Turanci. Bambancin k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ, ɗan lanƙwasa ne a saman harafi wanda bai wuce ɗigo biyu ko uku ba a ƙaramin rubutu. A allo mai dishi-dishi lanƙwasar nan narkewa take yi. Ka duba katin biki ka ga "manyan baki" a maimakon "manyan baƙi", ko "kasa" a inda ake nufin "ƙasa". Ba kullum ne rashin sanin ƙa'ida ke jawo haka ba, wani lokaci mai dubawa ne bai ga bambancin ba. Larabci da ajami kuwa sun fi haka tsanani, domin haruffan ba da ta da nun da ya a tsakiyar kalma ɗigo ne kawai ke raba su, ga wasula a sama da ƙasa. Mutumin da zai buga aya ko hadisi a takardar da yara za su riƙe, bai kamata ya yi aiki da allon da ba ya nuna masa ɗigo sarai ba. Wannan shi ne ya fi tsaya mini a rai cikin maganar gaba ɗaya.

Saiti na biyu da yaron ya nuna mini ya tuna mini da wata wahala ta shekaru ashirin da suka wuce. A ƙasan shafin akwai Advanced display, a ciki akwai wata lamba da Hz a gefenta, ana karanta ta haz. An ciro sunan daga Heinrich Hertz, Bajamushen masanin kimiyyar da ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo, ya rasu a 1894. Ma'anarta sau nawa abu ke maimaituwa a daƙiƙa ɗaya. Allo mai haz 60 yana sabunta hotonsa sau 60 a kowace daƙiƙa.

Kwamfutata ta farko allo mai ƙusumbi gare ta, mai nauyi kamar buhun siminti. Irin waɗannan ba sa riƙe hoto. Wani haske ne ke bin gilashin layi-layi daga sama zuwa ƙasa, kafin ya dawo sama wurin da ya fara ya soma dusashewa. A haz 60 allon yana ƙyafta-ƙyafta, ba ka cika gani ba in ka dube shi kai tsaye, amma ka kalle shi da wutsiyar ido za ka ga yana rawa. Shekaru na yi ina tashi daga aiki da ciwon kai a goshi, ina shan Panadol, ina ɗora wa zafin rana. Har wani gilashi mai duhu muka riƙa saya muna ratayawa a gaban allon. Ashe mafi yawan allunan nan suna iya ɗaukar haz 75 ko 85, inda rawar ke ɓacewa ga yawancin idanu, kuma saitin yana nan a ciki, kyauta. Babu wanda ya gaya mana. Da yaron ya faɗa mini haka na yi shiru na daɗe, ina tuna abokan sana'a da muka yi zamani tare, har da waɗanda suka bar aikin saboda ido. Har yanzu akwai irin allunan a wasu makarantu da ƙananan ofisoshi. Duk wanda ke zaune a gaban ɗaya, don Allah ya ɗaga shi zuwa 75 ko 85 in yana cikin jerin da kwamfutar ta ba shi.

Na tambayi ɗan yayata me ya sa 60 ba 50 ba, tunda na san wutar lantarkinmu haz 50 ce, an rubuta a jikin janareta. Asalin abin daga talabijin ne. Ƙasashen da wutarsu ke haz 50, irin Ingila da Najeriya, talabijin ɗinsu ya bi 50. Wanda iyayenmu suka fara kallo a nan Kaduna tun da aka buɗe gidan talabijin na Jihar Arewa a 1962, a kan 50 yake. Amurka wutarta 60 ce, talabijin ɗinta ya bi 60, kwamfuta kuma daga can ta yaɗu, ta zo da lambar gidansu. Babu ruwan allon kwamfuta da haz ɗin wutar soket, yana da na'urarsa a ciki mai juya wutar. Wanda kuma ya ga 59 da 60 duk a jeri kada ya damu, kusan abu ɗaya ne, 59.94 ce aka taƙaita, gadon talabijin mai launi na Amurka.

Allon zamani ba ya yin waccan rawar, domin kowane ɗigo yana riƙe launinsa har sabon hoto ya zo. Ga mai buga takardu irina, haz 60 ta isa har ta yi yawa, kada wani ɗan kasuwa ya ce sai ka ƙara kuɗi. Inda lambar ke da tasiri shi ne abu mai motsi. Matasa masu wasan kwamfuta da masu haɗa bidiyo suna sayen allo mai haz 144 da tsada, wanda ke sabunta hoto duk bayan kimanin kashi 7 cikin dubu na daƙiƙa, a maimakon kusan 17 na mai haz 60. Ɗan yayata ya ce ya sha zuwa ɗakin abokansa ya tarar da irin wannan allo yana tafiya a 60 wata da watanni, saboda ba a shiga an zaɓi 144 ba, ko an haɗa shi da wayar da ba za ta iya ɗauka ba. Kuɗin doki aka biya, ana tafiyar jaki.

Akwai kuma akasin haka. Wani maƙwabcina mai ɗaukar hoton biki ya haɗa kwamfutarsa da babban talabijin mai ɗigo 3840 da 2160, ya ce kibiyar maus tana jan ƙafa kamar kwamfutar ta kamu da cuta, har yana shirin kai ta a yi mata fomatin, wato a goge komai a sake loda mata Windows. Da muka duba, a haz 30 take. Tsohon ramin HDMI samfurin 1.4 iyakarsa ke nan a wannan yawan ɗigo, sai samfurin 2.0 ne ke kai 60. Muka sauke shi zuwa 1920 da 1080, ya samu 60, kibiyar ta saki jiki. A nan saukarwar ba ta karkatar da hoto ba, domin rabi ne cif ta kowane gefe, kowane ɗigo ɗaya ya zauna a kan huɗu. Ga masu laftof da wayar hannu masu haz 90 ko 120 kuma, ku sani lambar sama ta fi cin batir. A garin da ake wuni babu wuta, mayar da ita 60 yana ƙara maka lokaci kafin ka nemi mai caji.

Abin da ke hana mutane taɓa saitin nan tsoro ne, kada allo ya yi baƙi a ce kai ka lalata. Yakan yi baƙin kuwa, ko ya rubuta Out of range, idan ka zaɓi abin da ya fi ƙarfinsa. Ka ɗauke hannunka, kada ka danna komai, kada ka zare soket. Windows tana jiran daƙiƙa 15, in ba ka amsa cewa ka yarda da sabon saitin ba, sai ta koma na da da kanta. Na gwada wannan da gangan ya fi sau goma don in cire wa yaran shagona tsoro.

Yanzu ga kirana. 'Yan'uwana masu sayar da kwamfuta a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da shagunan titin Ahmadu Bello da sauran wurare, ba ina cewa kuna ha'inci ba ne. Kayan da aka sayar mini lafiyarsa ƙalau, har yau da shi nake aiki. Amma aikin bai ƙare a loda Windows ba. Mutumin da ya zo daga Rigasa ko Kawo ko Birnin Gwari da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, bai san akwai wani abu wai shi direban hoto ba, ku kun sani. Minti biyar ya ishe ku ku sa direban, ku zaɓi ma'aunin da ya dace, ku duba haz, ku ba shi waya mai kyau. Idan kun ɗauki yaro kuna koya masa, ku sa wannan cikin abin da ba zai miƙa kaya ba sai ya yi. Tela ba ya ba ka riga bai yanke zaren da ya yi saura ba.

Masu makarantun koyon kwamfuta ma ina da magana da ku. Yaran da ke zuwa neman aiki wurina sun iya Word, sun iya CorelDraw, wasu sun fi ni sauri nesa ba kusa ba, amma har yau ban samu ko ɗaya da aka taɓa nuna wa shafin saitin allo ba. Ana koya wa yaro zane a kan allon da ke karkatar da zane. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, 'ya'yanmu suna biyan kuɗi a shaguna don su yi gwaji kafin ranar. Na ga manhajar gwaji a kan allon da aka bari a ƙaramin ma'auni, maɓallin wucewa tambaya ta gaba ya faɗa ƙasa ba a ganinsa, yarinya tana ta neman sa lokaci yana tafiya. Yarinyar da wannan ne karonta na farko a gaban kwamfuta za ta tashi da tunanin ita ce ba ta iya ba.

Don kada in yi ƙari, gyaran allo bai mayar mini da idon saurayi ba. Na je an duba ni, likita ya ce shekaru ne, yawancin mutane in sun haura arba'in ganin kusa yana raguwa, ya rubuta mini tabarau. Ya kuma ce mai kallon allo yana rage ƙyafta ido bai sani ba, shi ya sa ido ke bushewa yana yaji, musamman da hunturu. Ya ba ni shawara duk bayan minti 20 in ɗaga kai in dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na tsawon daƙiƙa 20, in ajiye allon nisan kamu ɗaya na miƙaƙƙen hannu, samansa daidai da idona ko ƙasa kaɗan. Ni masallacin da ke tsallaken titi nake kallo. Mu a Kaduna Allah ya hore mana Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa a cikin garinmu, wanda ya saita allonsa amma ciwon kai bai daina ba, ya je a duba shi, kada ya tsaya sayen tabarau a bakin titi.

Yanzu duk kwamfutar da ta shigo shagona, tawa ko ta wani, gwaji ɗaya nake fara yi mata. Ina buɗe Paint ko Word, in danne Shift in ja da'ira, domin da Shift kwamfutar ke zana cikakkiyar da'ira. Sai in ɗauki rula in auna faɗinta da tsayinta a jikin gilashin. In sun zo ɗaya, mu ci gaba da aiki. In faɗin ya fi, ba a buga ko takarda ɗaya sai an gyara. Malam ya sake kawo aikin sauka na bana, guda 140, na buga gwaji na kai masa har makaranta ya duba tambarin kafin in zuba kati.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam.

Naku,
Mai shagon buga takardu,
Tudun Wada, Kaduna.